Aikin da Kake Ta Cewa "Sai Gobe": Tambayoyi da Amsoshi

Akwai aikin da kan yi wata uku ko shida a zuciyar mutum, kullum ya tashi da niyyarsa, kullum rana ta faɗi bai taɓa shi ba. Wani kundin kammala digiri ne ya tsaya masa, wani bashi ne yake jin nauyin zuwa ya yi maganarsa, wata ramuwar azumi ce, wani kuma haƙori ne da ya kamata likita ya duba tun bara. Malamai suna kiran wannan hali taswifi, mu kuma mukan ce jan ƙafa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Ba an ce wani jinkirin alheri ne ba? Ta ina zan gane nawa ba irinsa ba ne?

Manomin da ya ƙi shuka da ruwan farko, yana jiran ƙasa ta jiƙa sosai, ya yi jinkiri amma bai ja ƙafa ba. Ya auna ne, ya ga jiran ya fi. Jan ƙafa shi ne ka ɗage abin da kai da kanka ka yi niyya, babu wanda ya hana ka, kuma kana sane cewa ɗagewar wahala za ta ƙara maka.

Tambaya biyu ke raba gardama. Me nake jira? Wace rana abin da nake jira zai zo? Mai jinkirin hankali yana da amsa: "Albashi nake jira, ranar 28 ga wata." Mai jan ƙafa kuwa cewa zai yi yana jiran ya samu natsuwa, ko kansa ya washe, ko abubuwa su lafa. Waɗannan ba su da rana a kalanda.

To lalaci ne ke damuna ke nan?

Galibi ba shi ba ne. Dubi abin da kake yi a ranar da ka ware wa aikin. Ka share ɗaki, ka wanke babur, ka jera littattafai, har ka tuna da wani ɗan'uwa da ka daɗe ba ka gaida ba. Malalaci ba ya wannan ɗawainiya. Aiki ɗaya tak kake gudu, kuma ba shi kansa aikin ba, abin da yake sa ka ji kake gudu.

Timothy Pychyl na Jami'ar Carleton da ke Kanada da Fuschia Sirois sun bayyana haka a 2013: jan ƙafa dabara ce ta sanyaya rai na ɗan lokaci. Ka tuna aikin, ƙirjinka ya yi nauyi, ka ce "bari sai an jima", nan take ka ji wasai. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Lada ne da ya zo a take, shi ya sa gobe ma zuciya za ta sake neman sa. Aikin kuwa yana nan, ga kunya ta ƙaru a kansa, tunkararsa gobe ta fi ta yau ɗaci. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Shi ya sa sayen sabon littafin tsara lokaci ba ya warkar da kowa. Mai jan ƙafa ya san ƙarfe nawa ne. Kuma ba shi kaɗai ba ne: Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Amurka ya ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na manya abin ya zame musu jiki, a tsakanin ɗaliban jami'a kuwa mafi yawansu suna yi.

Me ya sa wasu ayyukan nake yi da zafi-zafi, wasu kuma nake guje musu?

Domin kowane aiki da irin ƙayarsa, kuma sai ka gano wadda ta soke ka kafin ka san maganin. Ɗauki takarda ka rubuta sunan aikin, ƙarƙashinsa ka ƙarasa wannan jimla: "Idan na zauna zan fara, abin da nake ji shi ne..." Amsar takan faɗa cikin ɗaya daga waɗannan.

Wani lokaci aikin ne ba shi da kai ba shi da gindi. "Rubuta kundi" ba aiki ba ne, suna ne na ayyuka kusan ɗari da aka ƙulle a buhu ɗaya, hannu bai san inda zai kama ba. Wannan shi ya fi sauƙin magani, ga bayaninsa a tambayar kundin digiri da ke ƙasa.

Wani lokaci tsoro ne. Muddin ba ka rubuta ba, babu wanda zai ce rubutunka bai yi ba. Masu wannan matsala sukan ɓuya a bayan shiri: sun tara maƙala 60 a waya, suna neman ta 61, ba su rubuta layi ɗaya ba. A ido kamar ƙwazo, a gaskiya gudu ne.

Akwai gundura, kamar cike takardu ko lissafin shago na wata. Akwai haushi, inda aikin wani ne ya ɗora maka, ƙin yinsa ya zama hanyarka ta ramawa ba tare da ka yi magana ba. Akwai kuma nisan lada. Piers Steel na Jami'ar Calgary ya tattara ɗaruruwan bincike a 2007, ya nuna cewa ƙwazon mutum yana ƙaruwa idan yana ganin zai iya kuma aikin yana da daraja a wurinsa, yana raguwa idan sakamakon na nesa ne kuma shi mai saurin biye wa abin da ke gabansa ne. Digirin da za a ba ka baɗi yana kokawa da bidiyon da zai ba ka dariya yanzu. Kowa ya san wanda zai yi kaye.

Ni fa na fi iya aiki idan lokaci ya ƙure. Ina laifin wannan?

Da me ka gwada? Mai wannan magana galibi bai taɓa yin aikin da wuri ba, balle ya san wanne ya fi. Abin da ƙurewar lokaci ke yi shi ne ta sa tsoron faɗuwa ya rinjayi tsoron farawa. Tana sa ka yi, amma ba ta sa ka yi da kyau.

A 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai tsawon zangon karatu. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da lafiya. A ƙarshensa abin ya juye: sun fi damuwa, sun fi rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa.

Ƙara da abin da ba ya hannunka. Daren da ka bari don ka gama, a ranar ake ɗauke wuta. Shafin rajista na intanet a kwanakin ƙarshe yake cushewa, saboda kowa ya jira irin jiranka. Shagon buga takardu da ɗaure kundi ya cika da layi, malamin da zai sa hannu ya yi tafiya. Wanda ya bar wa kansa mako biyu na rara, waɗannan duka ɓacin rai ne kawai a wurinsa. Wanda ya bar kwana ɗaya, shekara guda suke iya ci masa.

Kundin digirina ya tsaya wata huɗu ban buɗe ba. Ta ina zan fara?

Kada ka fara da rubutu. Zama na farko minti goma ne, kuma aikinsa ɗaya: ka buɗe fayil ɗin ko littafin, ka karanta abin da ke ciki, ka rufe. Abin da aka daɗe ana gudu yakan kumbura a zuci fiye da girmansa, ganinsa da ido yana sacce shi.

Zama na biyu, ka warware buhun. Kundin digiri na farko galibi babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, nazarin bayanai, sai kammalawa. Ƙarƙashin kowane babi rubuta ƙananan kanunsa, kamar dalilin bincike, manufarsa, farfajiyarsa (wato iyakar inda zai tsaya). Sannan ka mai da kowane kai aikin da za a iya gamawa a zama ɗaya. Ma'aunin shi ne: idan ka ba ƙaninka takardar, zai san abin da zai yi da hannunsa? "Gyara babi na biyu" ya faɗi wannan gwaji. "Karanta maƙala ɗaya, rubuta layi biyar kan abin da ta gano da abin da ta bari" ya ci.

Ba dole ka bi babi-babi ba. Gabatarwa ita ce mafi wuyar rubutawa da farko, domin tana gabatar da abin da bai wanzu ba tukuna, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke maƙalewa. Fara da babi na uku idan ya fi maka sauƙi: wa ka tambaya, mutum nawa, a ina, da wace hanya. Wannan labarin abin da ka yi ne ko za ka yi, ba ya buƙatar ilhama.

Sai lissafi. Kundi mai shafi 50, a kalma 250 kowane shafi, kalma 12,500 ke nan. Idan kana rubuta kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, mako tara ya ishe ka zubin farko. Kalma 300 kuwa shafi ɗaya ne da 'yan layuka.

Kuskure uku ne ke karya wannan tsari. Na farko, gyara yayin rubutu: ka rubuta jimla, ka goge, ka sake, awa guda ta wuce kana sakin layi ɗaya. Zubin farko na banza ake so, domin mummunan shafi yana gyaruwa, farar takarda ba ta gyaruwa. Na biyu, tsayawa neman manazarta a tsakiyar rubutu, wanda daga nan sai intanet ta tafi da kai. Sa alama kamar taurari uku a wurin, ka wuce, ka ware ranar Juma'a don cike su. Amma duk littafin da ka ɗauki magana daga ciki, rubuta marubuci da shekara da shafi a take, domin neman su bayan wata uku azaba ce. Na uku, tashi a ƙarshen sashe. Gara ka tashi a tsakiya, ka bar wa kanka layi ɗaya: "Gobe zan ci gaba da bayanin yadda aka zaɓi mutanen." Da safe ba sai ka yi tunanin ta ina ba.

Kullum ƙiyasina na lokaci ƙarya yake zama. Yaya ake gyara shi?

Haka kowa yake. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗalibai kwana nawa ya rage su gama kundinsu. Matsakaicin amsarsu kwana 34. Da aka ce su ɗauka komai ya lalace, suka ce kusan 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya kai kwana 55, wato ya zarce ko da mafi munin zatonsu.

Dalili shi ne mutum yana ƙiyasi da ranar da babu biki, babu rasuwa, babu zazzaɓi. Kada ka tambayi kanka kwana nawa zai ɗauka. Tambayi kanka irinsa na baya kwana nawa ya ɗauka, ko ka tambayi wanda ya gama bara. Idan babu abin gwadawa, ƙara rabi a kan ƙiyasinka: kwana 20 su zama 30.

Ina yin niyya da gaske, amma lokacin ya zo ya wuce. Me ke faruwa?

Niyyar ba ta da wurin sauka. "Zan yi karatu gobe" ta bar maka yanke shawara sau hamsin a yini, kowane lokaci kuma kana iya cewa sai an jima. Peter Gollwitzer ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika nesa ba kusa ba. Siffarta ita ce: idan kaza ya faru, zan yi kaza a wuri kaza.

A nan mai salla yana da gata, domin yininsa a yanke yake gida biyar, kuma ba ya buƙatar agogo ya tuna masa. "Ina dawowa daga sallar asuba, kafin in taɓa waya, zan zauna a tebur in rubuta shafi ɗaya." Ko "Ana idar da la'asar zan wuce laburare, ba ɗaki ba." Tsakanin asuba da hantsi shi ne lokacin da ya fi tsira, babu mai sallama, babu zafi, majalisa ba ta haɗu ba. Ka shirya kayan tun dare: littafi a buɗe, biro a kai, kwamfuta da caji. Ka kuma tanadi amsar abin da ka san zai zo: "Idan aboki ya ce mu fita, zan ce sai bayan ƙarfe tara."

Dabarar minti 25 da ake ta faɗa tana aiki?

Tana yi, ga aikin gundura musamman. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro ta yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980. Aiki ɗaya na minti 25, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a huta minti 15 zuwa 30. Amfaninta shi ne ta ba wahalar iyaka. Idan 25 ta yi maka yawa, fara da 10.

Inda take mutuwa shi ne hutun. Minti biyar a TikTok ba ta taɓa zama biyar ba. Tashi ka sha ruwa, ka miƙe, ka dawo.

Wayar fa? A cikinta littattafaina suke.

Sauke abin da za ka karanta tun da wuri, sannan ka kashe data kafin ka zauna. Idan aikin ba ya buƙatar waya, ajiye ta a wani ɗaki ko ka ba wani ya riƙe, kifa ta a kan tebur bai isa ba. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing, iPhone tana da Screen Time, duka suna nuna awa nawa kowace manhaja ta ci a mako kuma ana iya sa mata iyaka. Duba lambar sau ɗaya. Mai cewa ba shi da lokaci yakan yi shiru bayan ya gani.

Ina da yara uku da aikin gida. Jan ƙafa nake yi ko lokacin ne babu?

Rubuta yadda kwana uku suka tafi, awa-awa. Idan babu gurbi, ba jan ƙafa kike yi ba, kaya ne suka yi yawa, kuma maganinsa magana ce da maigida ko 'yan'uwa a kan wanda zai riƙe yara awa biyu sau biyu a mako. Idan akwai gurbi, kada ki jira yini guda cur, ba zai zo ba. Minti 20 bayan an tafi makaranta da minti 20 bayan isha'i, a kwana shida, awa huɗu ke nan.

Abin da nake gudu mutum ne: mai bina bashi, da malamin da ke duba kundina.

Wannan ya fi kowanne ciwo, domin kowace rana ta shiru tana ƙara tsawon bayanin da kake ganin sai ka yi. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Abu uku ake so: amsa laifi a jimla ɗaya, abin da ke hannunka yanzu, da rana.

Ga mai bashi: "Alhaji, barka da yamma. Kuɗinka naira dubu 60 suna kaina, ban manta ba, kuma na yi kuskure da na yi shiru. Zan turo dubu 15 ranar 30 ga wata, haka kowane wata har su ƙare. In hakan bai yi maka ba, ka faɗa mini." Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don ka wanke kunya, saɓa shi zai mai da kai ɓuya ta biyu wadda ta fi ta farko. Abin da ya fi ƙona ran mai bin bashi shi ne kashe waya da sauya hanya, ba jinkirin kansa ba. Wanda kuwa yake da kuɗin yana ja, hadisi ya kira wannan zalunci, ba batun dabara ba ne.

Ga malami: "Malam, na yi jinkiri, laifina ne. Ga shafi shida na babi na uku. Yaushe zan zo in karɓi gyara?" Kada ka jira sai ka gama babi uku don ka burge shi. Idan hanyar da ka ɗauka ba daidai ba ce, gara a tare ka a shafi na shida da a na arba'in. Zai iya yin faɗa. Faɗan minti biyar ne.

Rubuta saƙon a takarda, karanta sau ɗaya, tura kafin azahar. Wanda ya bar shi zuwa dare ya ba kansa yini guda na neman hujja.

Ramuwar azumi kullum sai Sha'aban ya kama nake tunawa.

Jinkirta ramuwa zuwa Sha'aban ya halatta, Nana A'isha ma ta faɗi cewa takan kai lokacin. Haɗarin shi ne rashin lafiya ko al'ada ta cinye kwanakin da suka rage. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya shigo ba tare da uzuri ba, zai rama kuma ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Ƙirga kwanakin ki rubuta tun ranar salla. Litinin da Alhamis kaɗai suna ba da kwana takwas a wata, mai ramuwar bakwai ta gama a mako huɗu. Ki nemi wadda za ku yi tare, ki shirya sahur tun dare, kuma lokacin sanyi ya fi sauƙi.

Na yi mako guda lafiya, sai na koma gidan jiya. Ba ni da amfani ke nan?

Wannan zagin kai shi ne makamashin jan ƙafa. Yana ƙara ɗacin da ke tattare da aikin, ɗacin kuwa shi kake gudu tun farko. Michael Wohl da abokansa sun gano a 2010 cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage yi kafin ta biyu. Yafewa ba cewa "ba komai" ba ce. Ka amsa cewa ka yi, ka dubi abin da ya jawo, barci ne ka rasa ko aikin ne ya sake zama babu kai, ka gyara wannan ɗin. Kada ka ce za ka rama kwana huɗu a yini ɗaya. Koma kan shafi ɗaya na yau.

Yaushe abin ya wuce dabara, sai likita?

Idan ba aiki ɗaya kake gudu ba, komai ne ya fita ranka, har abinci da hira da wanka, barcinka ya rikice, kuma haka ya kai mako biyu ko fiye, wannan alamar ciwon damuwa ce, kuma ana maganinsa. Idan tun kana yaro kake mantuwa, kana ɓatar da kaya, ba ka iya zama kan abu ɗaya duk ƙoƙarinka, a duba ko lalurar ƙarancin mai da hankali ce, wadda likitoci ke kira ADHD. Gajiya marar dalili kuma tana iya zuwa daga ƙarancin jini, ciwon suga ko matsalar maƙoƙo, gwajin jini ke nunawa. Ana iya farawa da likitan babban asibiti mafi kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da sashen masu wannan fanni a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano. Wanda yake jin gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar.

Idan kuma zuwa asibitin shi ne abin da ake ta ɗagewa, akwai alamun da ba a yi musu tsarin sannu-sannu: ƙullutu a nono, tarin da ya wuce mako biyu ko mai jini, jini a bayan gida, rama ba dalili, gyambon da ya ƙi warkewa. Yau za a kira ɗan'uwa ko ƙawa a ce, "Jibi da ƙarfe bakwai ki zo ki raka ni," a ware kuɗin kati da na mota a ajiye wuri ɗaya tun daren.